Minsharin Baban Mapalo

Lomar tuwon tana hannunsa. Ya riga ya dangwalo miyar ganyen kabewa da gyaɗa, hannun ya kama hanyar baki, sai ya tsaya a tsakiya. Na ɗago daga inda nake durƙushe da kwanon wanke hannu, na ga idon mijina a rufe. Rana tsaka ce, kaji na tono a tsakar gida, rediyon maƙwabta na ta zuba. Miyar ta fara ɗiga a kan wandonsa na aiki.

"Mama, kin ga Baba ya sake," in ji Mapalo, 'yarmu, tana toshe baki kada dariya ta kuɓuce mata.

"Ci abincinki."

Sai ga minsharin ya taso, wanda ya sa 'yan tashar Kasama suka raɗa masa suna Janareta. Ya ja, ya sake ja, sannan ya ɗauke ɗif. Ƙirjinsa ya tsaya, bakinsa a buɗe, ni ma na riƙe nawa numfashin ina jira. Can ya yi wata irin shaƙuwa, ya farka a firgice, ya kai lomar baki kamar babu abin da ya faru.

"Maman Mapalo, miyar nan ta yi," ya ce. "Da kifinki na kasuwa yana da rabin daɗinta da yanzu mun sayi tamu motar."

Kangwa ke nan, mijina, direban bas mai jigila tsakanin Kasama da Mpika. Mutum ne mai jiki, mai kaurin wuya, mai barkwanci, wanda bai taɓa ɗaga mini hannu ba, bai kuma taɓa dawowa gida yana warin giya ba. In ana lissafin mazan kirki a unguwarmu, da shi ake farawa. In ana lissafin masu barci ma da shi ake farawa, kuma a nan ba shi da na biyu. Ya yi barci a coci ana tsakiyar wa'azi, ya yi a gidan makoki, ya yi a hannun mai aski har aka kwashe masa rabin gashin baki. Duk garin an sani, kuma duk garin abin dariya ne.

Mu mutanen hanyar nan mun daɗe da yin sulhu da gyangyaɗin direba. Wanda ya samu kujerar gaba ya san an ba shi aiki, sai ya yi ta jan direba da hira, ko da ta ƙwallo ce ko ta tsadar taki. In hira ta ƙare mata su ɗauki waƙar coci daga baya, a yi ta tafi. Direbobin kuwa kowa da dabararsa, wani ɗanyen rogo yake tauna, wani lemon gwangwanin nan mai hana barci yake ɗirka, wani ya jiƙa tawul ya ɗora a wuya. Ranar da mota ta kife sai a ce Kwanar Gawayi ce ta sake neman jini, a tara masu addu'a su je su yi wa kwalta faɗa. Ban taɓa jin an ce direba ne ya rufe ido ba.

Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutane suna cewa Kangwa ba ya kwanciya da wuri ne, ni kuwa na san tare da kaji yake shiga. Abin da na sani wanda ba su sani ba shi ne, barcin nasa ba barci ba ne, kokawa ce. Numfashinsa yakan ɗauke, ya dawo da ƙyar, ya sake ɗaukewa, haka har gari ya waye. Ya tashi da ciwon kai da jajayen idanu kamar wanda ya kwana yana huɗa, ya wanke fuska, ya tafi ya ɗauki rayukan mutane cike da mota.

Ban faɗa wa kowa ba, saboda wata 'yar tukunya da ke saman kabad ɗinmu. Lokacin aurena, kamar kowace amarya, an kai ni wurin nacimbusa, tsohuwar da ke horar da mace zaman aure. Tawa Inna Kaluba ce. Da ganga da waƙa da 'yan siffofin yumɓu ta koya mini komai, a ƙarshe ta miƙo mini tukunyar da ba ta fi dunƙulen hannu ba, an liƙe murfinta da laka. Ta ce wannan ɗakin kwananki ne, abin da kika gani a ciki da abin da kika ji, da ke za a binne shi. Na karɓa da hannu biyu, kuma na riƙe amana har Mapalo ta kai aji shida.

* * *

Hawan jini ne ya kai ni asibitin unguwa. Da nas ɗin ta gama ɗaure mini hannu ta kwance, sai na tsaya ina gyara ɗankwali, na rasa ta inda zan fara.

"Sista, wata maƙwabciyata ce ta ce in tambaya mata. Mijinta ne in yana barci numfashinsa yake ɗaukewa. Da rana kuma ko magana yake yi sai ya ɓingire."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Maƙwabciyar taki ita ma busasshen kifi take sayarwa a kasuwa?"

Na kau da kai. Ita ma ba ta ja ba. Ta ce ciwo ne sananne, ba lalaci ba ne, ba kuma asiri ba. Maƙogwaro ne ke toshewa in mutum ya kwanta, jiki ya yi ta farkar da kansa don ya sha iska, mai shi bai ma sani ba. Sai ya wayi gari da bashin barci a kansa, barcin kuma ya biyo shi da rana ya karɓa ba sallama. Ta ce ana gwada shi a babban asibiti a Lusaka, kuma akwai abin da ake yi a kai.

"Mene ne aikinsa?" ta tambaya tana rubutu.

"Direban bas ne."

Ta ajiye biron. "To ki gaya wa maƙwabciyarki, mutumin nan ba shi ne zai zaɓi lokacin da idonsa zai rufe ba. Rogo ba ya hanawa, waƙa ba ta hanawa. Kada ya sake riƙe sitiyari sai likita ya gan shi."

Na fito ina jin abu biyu a lokaci guda. Na ji daɗi da abin yana da suna, na kuma ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, domin yanzu ba ni da damar cewa ban sani ba.

Da yamma na dafa masa abin da ya fi so, ƙananan kifi da tumatir. Na bari ya ƙoshi, na durƙusa gefensa yadda aka koya mini, na faɗa masa komai cikin ladabi. Ya saurara yana sakace, har da gyaɗa kai.

"Wato kin kai minsharina asibiti," ya ce.

"Ban kama sunanka ba, Baban Mapalo."

"Tun kina tallan mangwaro nake tuƙi a hanyar nan. Wa na taɓa kashewa? Ko kaza?"

"Madubin motar fa da ya karye wancan satin?"

"Akuya ce ta gifta, na kauce mata na goga da bishiya. Na gaya miki."

"Ka gaya mini."

"To. In na je wurin Sikazwe mai motar na ce masa ga motarka, matata ta ce barci nake yi, kafin in juya baya direba goma sun yi layi. Sai mu ci me? Kifinki?" Ya yi dariya, ya dafa kafaɗata. "Ni da barcin nan mun san juna. In na ji shi yana zuwa sai in buɗe taga. Bar wannan ma, ga labari mai daɗi. Yaran ƙungiyar waƙa ta coci za su yi gasa a Mpika ranar Asabar, na gaya wa Fadan cocin ni zan kai su. Sikazwe ya ba da mota, ni na ba da tuƙi, sadakata ke nan ta bana."

Mapalo ta yi tsalle daga bakin ƙofa. Ita ce mai ba da waƙa a ƙungiyar, wata guda ke nan tana cika mana kunne da gwaji. Ta rungume wuyan ubanta, shi kuma yana ta washe baki.

Na sake yi masa magana washegari, na sake jibi. A karo na ƙarshe bai yi dariya ba. Ya ce in na ƙara tayar da zancen, to lallai ba a gama horar da ni ba.

* * *

Na samu Inna Kaluba a bayan ɗakinta tana jiƙa rogo a randa. Na durƙusa na tafa hannu na gaishe ta, ta nuna mini turmi na zauna. Ita kaɗai ce dokar ta yarda in buɗe wa tukunyata, don haka na zazzage mata duka, har da maganar nas.

"Minshari," ta ce. "Kin taso tun daga gidanki da rana tsaka saboda minshari. Marigayi mijina in ya fara, karnukan unguwa amsa masa suke yi, ban kai shi ƙara ko'ina ba."

"Inna, marigayi kafinta ne. In ya yi gyangyaɗi yatsansa zai buge."

"Ke yarinya, kama bakinki. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Namiji da kika gani, sunansa ne rigarsa. Kika tuɓe masa ita a kasuwa, ko ya yafe miki ba zai manta ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga."

"Yara ne za su cika motar, Inna. Har da jikarki Sampa."

Hannunta ya ɗan tsaya a cikin ruwan rogon, sannan ya ci gaba. "Fada zai yayyafa wa motar ruwan albarka. Ni ma zan yi azumi. Kwanar Gawayi ba ta cin wanda aka yi wa addu'a." Ta matso, ta rage murya. "In zuciyarki ta ƙi kwanciya, ai mace ba ta rasa dabara. Ki ce Mapalo ta kwana da ciwon ciki. 'Yarki tana gida, asirin mijinki a rufe, kowa ya huta."

Ba zan ɓoye ba, shawarar ta shige ni. Na taho da ita a hanya ina juyawa, ta yi mini daɗi kamar ruwan sanyi. Har na fara shirya yadda zan lallashi Mapalo in ta yi kuka.

A bakin famfo na haɗu da maƙwabciyata Maman 'Yan Biyu, ta shanya fararen riguna biyu ƙanana a kan igiya, tana ta murza su da hannu kada su yi tamoji. Ta ce mini 'yan biyunta ba su taɓa wuce gadar Chambeshi ba, sun ƙi cin abinci don murna.

"Da wani direban ne da ban bar su ba," ta ce. "Amma tunda Baban Mapalo ne, ai kamar suna cikin ɗakina."

Na ce mata haka ne. Na shiga gida na zauna a bakin gado ina kallon tukunyar nan ta saman kabad, ƙura ta lulluɓe ta. A nan na san ba zan ce Mapalo tana ciwon ciki ba. Yadda zan yi kuwa ban sani ba, abin da na sani kawai shi ne motar nan ba za ta bar harabar coci da mijina a gaban sitiyari ba.

* * *

Safiyar Asabar harabar coci ta cika. Yara cikin farar riga da shuɗin siket da wando, iyaye da ƙunshin dankali da gyaɗa da goran kunun masara, kowa yana cusa wa nasa ta taga. Sikazwe mai motar ma ya zo da kwat ɗinsa don a ga sadakarsa. Kangwa ya sha farar riga da na goge masa da hannuna, ya ɗora jiƙaƙƙen tawul a wuya, ya ajiye ɗanyen rogo a gaban gilashi. Tun a gida na ga idonsa, ja wur, ya kuma sha maganin ciwon kai kafin ya sha shayi.

Na bi shi har gindin mota. "Baban Mapalo, don girman Allah, ka ce wa Sikazwe zazzaɓi ya kama ka. Ba wanda zai san komai."

"Koma cikin mata," ya ce, bai ko dube ni ba. Ya hau ya zauna, ya sa makulli.

Yara suka gama shiga. Fada ya zagaya motar yana yayyafa ruwa, taya bayan taya, sannan ya ce a sunkuyar da kai. Fadanmu mutumin kirki ne, amma in ya kama addu'a sai ya bi ta kan kowane rami da ke tsakanin Kasama da Mpika. Ya roƙa wa injin, ya roƙa wa birki, ya ɗaure Kwanar Gawayi da duk abin da ke cikinta. Rana ta fara zafi a ƙeyarmu. Da ƙyar ya kai ƙarshe, muka ce amin, kowa ya ɗago.

Kowa ban da direba. Kansa na kan sitiyari, hannuwansa sun zube a cinya. Cikin shirun da ya biyo bayan amin, minsharin ya taso ya cika motar.

Aka kwashe da dariya. Yara suna bubbuga kujeru, wani dattijo ya ce Janareta ya tashi, yanzu coci za ta samu wuta. Sikazwe ya riƙe ciki. Maman 'Yan Biyu tana share hawayen dariya da bakin zane, 'ya'yanta kuwa suna kujera ta biyu, daidai bayan direba.

Ban san lokacin da ƙafata ta taka matakalar ba. Na miƙa hannu ta gefen gwiwar mijina na zare makullin, bai motsa ba. Na juyo na tsaya a bakin ƙofar motar, na tura makullin cikin rigata. Muryata ta fita sarai, muryar kasuwa ce.

"Iyayen yara, ku gama dariyar ku saurare ni. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni nake kwana da mutumin nan, ba ku ba."

Dariyar ta fara yankewa. Na ji wata tsohuwa ta ce wayyo, na san ta gane inda na dosa.

Na faɗa musu. Na faɗi yadda numfashinsa ke ɗaukewa a kan gadonmu har in girgiza shi, yadda yake tashi ya fi lokacin da ya kwanta gajiya, yadda yake barci da loma a hannu. Na faɗi abin da nas ta ce, cewa ciwo ne, kuma ba shi ke zaɓar lokacin da ido zai rufe ba. Na ce ba mashayi ba ne, ba rago ba ne, ya fi kowane namiji a harabar nan kirki, amma yau ba zai kai yamma ba tare da ya rufe ido a kan kwalta ba.

"Yanzu da safe ne, mota a tsaye," na ce. "Ku tuna da dawowa, bayan ya ci tuwo, rana tana dukan gilashi, yaranku sun gaji da waƙa sun yi barci. Wa zai ja shi da hira?"

A bayana na ji shaƙuwar nan da na sani, kujera ta yi ƙara. Ya farka. Na juya muka haɗa ido, na ga ya lalubi wurin makulli, na ga ya dubi fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya yana karanta abin da ya wuce shi.

"Lombe," ya ce. Tun haihuwar Mapalo bai kira ni da sunana ba. "Ba ni makullin."

"Ba zan bayar ba, Baban Mapalo."

"A gaban 'yata?"

"Saboda 'yarka."

Sikazwe ya matso yana gyara kwat, ya ce uwargida ki yi haƙuri, wane direba ne ba ya ɗan gyangyaɗi, ai shi ya sa ake waƙa. Kafin ya rufe baki wata ta ratsa ta gefena ta shige motar. Inna Kaluba ce, da sandarta da azuminta. Ba ta dube ni ba. Ta kamo hannun jikarta Sampa ta sauko da ita. Maman 'Yan Biyu ta bi bayanta, daga nan sai iyaye suka yi ca a bakin ƙofa.

Kangwa ya buɗe ƙofar direba ya sauka ta ɗaya gefen. Ya cire tawul ɗin daga wuyansa ya ajiye a kan kujera, ya fita daga harabar a ƙafa, bai waiwayo ba. Na tsaya ina kallon bayan farar rigar da na goge, zuciyata kamar ta tsage, amma ban kira shi ba.

* * *

An samo wani direba daga tasha. Yaran sun je Mpika, sun zo na uku, sun dawo kafin faɗuwar rana ba ko ƙwarzane. Wannan ne ya zama laifina. Mata a kasuwa suka ce kun gani, ba abin da ya faru, ta dai tozarta mijinta a banza. Ba wanda ke gode maka don hatsarin da bai auku ba, tunda ba gawar da za ka nuna.

Sikazwe, wanda ya fi kowa dariya, shi ya fara karɓe motarsa, wai fasinjoji sun fara tsegumi. Dangin Kangwa suka zo suka yi zama, aka yanke a mayar da ni wurin nacimbusa a sake horar da ni, abin da ake yi wa matar da ta kunyata gida. Na je. Na durƙusa a tabarmar Inna Kaluba tsakiyar tsofaffi, aka buga ganga, aka yi mini waƙar macen da bakinta ya fi ƙofar gidanta faɗi. Inna ce ta fi kowa zafi. Sampa kuwa tana tsakar gida tana 'yar carafke, ina jin dariyarta ta taga. Da aka tambaye ni ko na yi nadama, na ce na ji duk abin da iyayena suka faɗa. Suka sake tambaya, na sake ba su amsar nan, har suka gaji.

Mapalo ta yi kwanaki ba ta yi mini magana, don a makaranta an koma kiran ta 'yar Janareta. Ubanta kuwa ya fi ta daɗewa. Yana cin abincina, yana amsa gaisuwata da ka, ya wuni a gindin mangwaro yana kallon hanya, barci ya ɗauke shi ya sake shi. Barkwancin nan duk ya tafi. Na yi kewar mijina ƙwarai alhali yana zaune a gabana. Duk da haka kowace safiya in na ajiye masa shayi sai na ce, "Baban Mapalo, Lusaka," ya yi kamar bai ji ba, ni ma in yi kamar ban ga ya yi ba.

Ranar da ruwan farko ya sauka, ina tsince kifi a baranda, ya zo ya zauna a kan benci, ya daɗe yana kallon ruwan.

"Babu akuya," ya ce.

Na ɗago.

"Ranar madubin. Babu wata akuya. Na ga alamar gada, sai kuma na ga bishiya a gabana. Abin da ke tsakani ban san shi ba. Wata mata ce a baya ta yi ihu." Ya murza fuskarsa da tafin hannu. "Ba shi ne na farko ba."

Na ture tiren kifin gefe.

"Kada ki ɗauka na yafe miki," ya ce. "A gaban coci, Lombe. A gaban yara."

"Na sani."

"Ki nemi wanda zai riƙe Mapalo. Mu je mu ji abin da likitan naki zai ce."

* * *

Babbar bas ta Lusaka muka shiga da sassafe. 'Yan kamasho suka gan shi, wani ya fara cewa Janare, sai ya haɗiye sauran. Don girmamawa suka ba mu kujerar gaba, daidai bayan direba, wani saurayi siriri da Kangwa ya ce shi ya koya masa ribas. Suka ɗan taɓa hira har muka doshi Mpika. Kwanar Gawayi ta zo ta wuce, kwana ce kamar kowace kwana, da buhunan gawayi jere a bakin hanya.

A Serenje aka tsaya cin abinci. Na ga direban ya share malmala biyu, ya kora da lemon gwangwani, ya sayi wani ya riƙe. Muka koma hanya rana tana tsakiya, kwalta ta miƙe ɗoɗar tana ƙyalli, bishiyoyi iri ɗaya hagu da dama. Surutun mota ya yi ta raguwa har ya mutu. Kan Kangwa ya gangaro a hankali ya sauka a kafaɗata, karo na farko da jikinsa ya taɓa nawa tun ranar coci. Minsharin ya taso, ya ɗauke, na jira, ya dawo.

Na ɗaga ido na dubi madubin da ke saman gilashi. Idon saurayin ne a ciki. Na ga fatar idon ta sauko a hankali, ta tsaya, ya ware ta da ƙarfi, ya girgiza kai, ya zuge taga. Ba a jima ba ta sake saukowa.

Na waiwaya. Mota cike, kowa ya langaɓe, wata mata da jariri a ƙirji, bakinsa na kan nono yana barci. Na gyara wa mijina kansa a kafaɗata, na matsa gaba har numfashina ya kai ƙeyar direban.

"Ɗana," na ce, "gaya mini, da daddare yaya kake barci?"